Eka Biyu a Kusurwar Gabas

Litinin, 14 ga Oktoba, tara na safe

Ya iso! Littafin masu zaɓe ya iso, da kaurinsa kamar bulo, sai da na sa hannu biyu na zaro shi daga akwatin wasiƙu. Ko takalmin ruwa ban cire ba na baje shi kan teburin kicin. Ƙudurori ne rututu jiha ta jibgo mana bana, kowanne sai mu ce e ko a'a. Ni uku ne suka shafe ni, a cikin ukun ma ɗaya ne ya hana ni zama wuri guda: ƙudurin filaye.

Idan ya ci, duk manomin da ya shekara ashirin a gonarsa yana iya yankar eka biyu ya gina wa ɗansa gida. Eka biyu kacal! Tun ina yarinya dokar jiharmu ta Oregon take cewa ƙasar noma ta noma ce, gida ɗaya tal a gona, 'yarka ko a mota za ta kwana ba ruwan kowa. To ni har na zaɓi wurin: kusurwar gabas, inda tsofaffin itatuwan tuffa suka daina abin kirki. 'Yata Kendra ta ce muddin akwai inda za ta sa mijinta da 'ya'yanta uku, za ta ajiye aikinta na birni ta dawo kafin tuffa ta yi fure. Gidanmu ɗaki biyu ne, ba zai ɗauke mu ba.

Ina so 'yata ta dawo. Ba sai na faɗi dalili ba.

Mijina Orrin bai tashi ba tukuna. Ya gaji, girbin bana ya yi tsawo.

Talata, 15 ga Oktoba, bakwai na yamma

Shekara talatin da takwas da aurenmu, abu ɗaya muke yi duk zaɓe. A share tebur, a dafa kofi, ni in karanta hujjojin masu cewa e, Orrin ya karanta na masu cewa a'a, mu yi ta musu har kofin ya huce. Ban taɓa leƙa shafinsa ba, bai taɓa leƙa nawa ba. Yau har kek ɗin tuffa na gasa.

Mun fara da ƙudurin haraji, wanda zai taka wa harajin gida da gona burki. Da farko na ce e da babbar murya, wa ke son haraji? Sai na gangara ƙasa na ga ashe da harajin nan ake riƙe motar asibitin garinmu, kuma in ya ragu za a haɗe ta da ta garin gaba. Minti arba'in ke nan maimakon goma. Da a da ne, da ko kallon wurin ban yi ba. Bana na ja masa layi, na rubuta a'a a gefe.

Na miƙa wa Orrin littafin. Ya karanta sakin layi guda da muryar nan tasa ta masu wa'azi, ya gyara tabarau, ya sake farawa daga farkonsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, mun ji, mun gamsu." Ya yi dariya, na yi dariya, muka ci kek.

Ban kai mu shafin filaye ba. Kowa a kwarin nan ya san shi da ubansa ne suka cika motar ɗaukar kaya da manoma, suka tafi babban birnin jiha lokacin da ake fafutukar kafa dokar hana yanka ƙasar noma.

Laraba, 16 ga Oktoba, tsakar rana

Makullin tarakta yana cikin jakata. Can zai ci gaba da zama.

Alhamis, 17 ga Oktoba, huɗu na yamma

Burodi na shiga saya a shagon kofin Maxine, na fito da allunan kamfen shida da muƙami! Ita ce uwar tafiyar masu e a kwarin nan. Tana jin na ce ina tare da su ta ajiye butar kofi ta zagayo.

"Ke Darlene, maimaita in ji da kyau. Matar Orrin Tollefson a ɓangarenmu? Wallahi ke kaɗai kin fi mana allo ɗari."

"Ni fa ban iya magana a taro ba."

"Ke ɗin? Wadda ta tsayar da fasto ana tsakiyar sanarwa kan launin fentin coci? Rufe mini baki. Alhamis mai zuwa, zauren manoma, minti biyar. Kuma ki sa jar rigar nan, ba wannan buhun da kika rataya ba."

Ta kuma gargaɗe ni kan ƙudurin hanya, wanda zai ba da dama a zagaye gari da sabon titi, a gina manyan kantuna a mararraba. Ta ce in na kuskura na ce e, kar in ƙara taka mata shago. Gaskiyarta ce, titin zai kwashe mata masu wucewa. Amma ni na san yadda motocin tuffa suke jerin gwano a bakin fitilar ba da hannun nan ɗaya tilo ta tsakiyar gari, tuffa tana dahuwa a rana. Ban yanke ba tukuna.

Har na kai ƙofa ta ce, "Orrin fa? Tsofaffin nan masu zama a teburin bakin taga suna ta cigiyarsa."

Na ce ya gaji.

Duk hanya waƙa nake a mota. Rabona da jin irin wannan ƙarfi a jikina har na manta.

Asabar, 19 ga Oktoba, biyar na yamma

Takardun ƙuri'a sun iso ta gidan waya, ambulan biyu, tawa da tasa. Na sa su bayan agogon bango.

Gida goma sha huɗu na ƙwanƙwasa yau! Takwas sun ce e, uku sun ce za su yi tunani, biyu sun sakar mini kare, ɗaya ta zaunar da ni ta ba ni labarin aikin da aka yi mata a gwiwa. Ƙafafuna zugi suke, amma bakina har kunne. Na kafa allo ɗaya a bakin hanyarmu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, uku na rana

Kendra ta kira. Har ta zana gidan a takarda, ɗaki uku da baranda mai kallon dutse. Muna cikin musu kan inda murhu zai zauna sai ta ce, "Mama, yaya Baba?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Mama."

"Na ce ƙalau. Ke dai faɗa mini, tagar kicin yamma ko kudu?"

Ta ce yamma.

Talata, 22 ga Oktoba, goma na safe

Orrin ya shigo da allona a hannu, fuska a murtuke. "Dubi abin da wasu marasa kunya suka kafa mana a gona!" Na ce ai kuwa ba su da mutunci. Na karɓa, na zagaya na kafa shi gaba da kwanar hanya.

Laraba, 23 ga Oktoba, goma na safe

Ya sake cirewa. Na sake kafawa.

Juma'a, 25 ga Oktoba, takwas na safe

Na yi magana! Ni Darlene, cikin jar riga, gaban mutum fiye da ɗari. Da farko takarda nake karantawa, sai na ninke ta na ajiye. Na ce musu dokar nan ta tsare mana ƙasa, ba wanda ya musa, amma ta kore mana 'ya'ya. Na ce ku waiga ku duba zauren nan, furfura ce ko'ina, wa zai hau tsani ya tsinki tuffa nan da shekara goma? Tafi ya ɓarke. Maxine har kan kujera ta hau. Na ji kamar in tashi sama.

Sai wata mata daga baya ta ɗaga littafin masu zaɓe. "Baiwar Allah, kin yi magana mai daɗi. To mijinki fa? Ga shi nan a shafi na sittin da biyu."

Ta karanta da ƙarfi. Hujja ce ta masu a'a, irin wadda mutane ke haɗuwa su sa a buga da sunayensu. Manoma tara suka sa hannu. Na farko maƙwabcinmu Hollis, na biyu Orrin Tollefson. Kwana goma littafin yana kan teburina ban gani ba, don shafin a'a ba nawa ba ne. Aka kwashe da dariya. Na ce, "To kun ga, gidanmu ma akwai 'yancin zaɓe," aka ƙara tafawa, na sauka.

Na dawo wajen biyar da rabi ana yayyafi. Na tarar da shi tsaye a bakin hanya, riƙe da ƙaramar lema a rufe. Ya ce motar makaranta ta yi latti yau, kar yarinyarmu ta jiƙe. Na ce ya shigo mota mu jira ta a gida.

Amma dai an tafa mini. Sau biyu.

Asabar, 26 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Na sami Hollis a rumfarsa yana jera akwatunan tuffa. Shekara talatin muna maƙwabtaka, amma yau ko gaisuwa ban yi masa ba.

"Yaushe ka kai masa takardar nan?"

"Watan Agusta. Ya karanta, ya gyara mini kalma biyu, ya sa hannu."

"Ka san halin da yake ciki, ka bi ta bayana ka lallaɓe shi!"

Ya ajiye akwatin a hankali. "Wane hali, Darlene? Ni dai kullum 'ya gaji' kike ce mini. In gajiya ce kawai, ai mai gajiya yana da ikon sa hannunsa inda ya ga dama."



Ya ce, "Ranar da na tsinto shi a hanyar kogi ba takalmi, cewa kika yi shan iska ya je. Na yi shiru don na ga haka kike so. Amma tunda kin zo, bari ki ji. Tuntuni doka ta yarda a ajiye gida na wucin gadi a gona, irin wanda ake jawowa da mota, in akwai marar lafiyar da ke bukatar ɗansa kusa. Ba sai an yanki ko taku ɗaya ba. Takarda guda ce daga ofishin gunduma, likita ya rubuta sunan ciwon ya sa hannu."

"Babu mai ciwo a gidana."

"To, madalla. Kin gwammace ki juya dokar jiha sukutum da a rubuta kalma ɗaya."

Na ce ya riƙe shawararsa ya ba masu so. Na fito fuu, har na bar masa lemata.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ban je coci ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, shida na yamma

Rediyo ya ce masu e ne a gaba! Da ɗan kaɗan ne, amma a gaba! Mun wuni a bayan shagon Maxine muna buga wa mutane waya, mu biyar, kofi kamar ruwa. Wani tsoho ya ce mini shi ya riga ya aika da tasa ƙuri'ar, kuma bai tuna abin da ya zaɓa ba. Sauran suka yi ta dariya. Ni na tashi na shiga banɗaki.

Gidan gaske nake so wa Kendra, mai tushe, mai baranda. Ba akwati mai taya ba. Hollis ya je ya zauna a akwatin in yana so.

Laraba, 30 ga Oktoba, biyu na rana

Na cike takardar ƙuri'ata da safe. Haraji, a'a. Hanya, e, kuma Maxine ba za ta taɓa ji ba. Filaye, e, na murje da'irar da biro har takardar ta kusa hujewa.

Saura tasa. Maxine ta ce mini ranar Litinin, "Ke cike masa kawai ya sa hannu, ai ku abu ɗaya ne. Wa zai sani?" Ba wanda zai sani, gaskiya ne.

Na zaunar da shi bayan ya ci abinci, lokacin da ya fi zama daidai. Na ce idonsa ya gaji, ni zan riƙe biro, shi ya faɗa. Na karanta masa ƙudurin filaye tiryan-tiryan, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya rufe ido yana ji. Da ya buɗe, wallahi Orrin ɗina ne na da.

"Eka biyu yau, eka biyu gobe," in ji shi. "Ƙasar nan shekara dubbai ta yi tana taruwa, rana ɗaya za a zuba mata siminti. Ka gina wa ɗanka, jikanka ya sayar wa baƙo, baƙon ya kai ka ƙara wai feshinka yana shigar masa taga. Na ga yadda aka yi a kwarin kudu, yarinya. A'a. Rubuta a'a."

Abin haushin, hujjarsa ba ta banza ba ce. Ni ma na ga kwarin kudu.

Na ce, "Ko da don Kendra ne?"

Ya dube ni da mamaki. "Kendra ai tana da ɗakinta."

Biro yana hannuna, da'ira biyu a gabana, shi kuma ya koma kallon taga. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na cike a'a. Na liƙe ambulan na nuna masa inda zai sa hannu. Da na ga yadda yake jan harafin farko, na tashi na hau wanke kofin da ba shi da datti.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, tsakar rana

Na jefa su biyun a akwatin ƙuri'a na gefen laburare. Tasa ta cinye tawa, kamar yadda muka saba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Na kasa zama. Na ɗauki igiya da turaku na tafi kusurwar gabas, na auna gidan da ƙafa bisa zanen Kendra. Na tsaya a inda kicin zai kasance, na leƙa ta tagar da babu ita. Daga nan ana hango ƙofar bayanmu sarai. In na kunna fitilar baranda za ta gani, taku sittin ne, na ƙirga. Gobe! Gobe in Allah ya yarda!

Talata, 5 ga Nuwamba, biyar na yamma

Kek uku na gasa na taron shagon Maxine, ɗaya ya ƙone don na tsaya sauraron rediyo. Ƙarfe takwas za a fara faɗin sakamako. Ba zan je ba, ba zan sake barin sa shi kaɗai ba, amma ta yi alkawarin kira na. Na sa jar rigar duk da haka.

Laraba, 6 ga Nuwamba, shida na safe

Ƙudurin filaye ya faɗi.

Laraba, sha ɗaya na safe

Kwarinmu ya ce e, birane suka ce a'a, mutanen da ko albasa ba su taɓa dasawa ba. Ƙudurin haraji ma ya faɗi, motar asibiti tana nan. Na hanya ya ci. Maxine kuka biyu take yi.

Kendra ta kira. Na fara yi mata bayanin cewa nan da shekara biyu za a sake gwadawa, Maxine ta ce za a gyara rubutun, sai ta katse ni.

"Mama, ba mu da shekara biyu."

Kafin in amsa ta ci gaba.

"Tun Kirsimeti na sani. Ya tambaye ni ko ni ce sabuwar malamar makaranta. Ke kawai nake jira ki faɗa."

Na ce girkina yana ƙonewa. Ba abin da ke kan wuta. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da na shekara ina haɗiyewa, har Orrin ya shigo ya dafa kaina yana tambaya wa ya taɓa ni.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, uku na rana

Na je ofishin gunduma. Shafi biyu ce takardar. Matar da ta miƙo mini ko ɗaga kai ba ta yi ba, ashe abu ne da ake karɓa kullum. Da na dawo na tarar da lemata a jingine a ƙofa, da kwandon tuffa.

Talata, 12 ga Nuwamba, biyu na rana

Mun je wurin likita. Ta yi masa tambayoyi, ranar yau, sunan gari, ya zana agogo. Yana ta yi mata barkwanci don ta daina. Ta dube ni ta ce tun yaushe, na ce shekara ɗaya da rabi. Ta rubuta, ta sa hannu. Ciwon mantuwa. Ga shi na rubuta ni ma. Orrin yana da ciwon mantuwa, ba gajiya ba ce, kuma ba zai warke ba.

A mota ya ga takardar a cinyata ya ɗauka. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, yana bi da yatsa.

"Wa ke ciwo?"

"Kai ne, Orrin."

Ya kalli gilashin gaba. "Na so in ce haka," in ji shi. "Kwanan nan abubuwa suna zame mini."

Na gaya masa Kendra za ta dawo da yara, za a ajiye musu gida a kusurwar gabas. Na ga fuskarsa ta washe, sannan ta ɗaure.

"Za a yanka gonar?"

"Ko taku ɗaya."

Ya juya shafi na biyu, inda ni ban kai ba. Ya karanta layin ƙarshe a bayyane, da muryar nan ta wa'azi: da zarar bukatar marar lafiya ta ƙare, a janye gidan daga gonar cikin wata uku. Ya gyaɗa kai, ya buga takardar da bayan hannu, ransa fari ƙal.

"Kin gani? Doka mai hankali ke nan. Ana gamawa ƙasar ta koma noma. Ina zan sa hannu?"

Na nuna masa. Ya sa, ya miƙo mini biro, ya ce mu tafi mana, me nake jira.